Mun dawo daga Dablin, ga abin da muka gani da kuma maganar bizar da ake ta tambayata

Sadiq Fagge: Assalamu alaikum 'yan gida. Tun da na ɗora hotunan nan na bakin teku mutane ke ta turo min saƙo, wannan yace ina ne, wancan yace nawa aka kashe, wata tace ya akai muka samu biza, to na ga gara in zuba shi nan gaba ɗaya kowa ya karanta, wanda ya fi ni sanin garin kuma ya ƙara mana. Dablin muka je, babban birnin Ayilan, ni da abokaina da muke makaranta ɗaya a nan Manchesta, bayan mun gama jarabawa kafin a shiga rubutun furojet. Jirgi bai wuce awa ɗaya ba daga nan, kana gyara zama ana cewa a ɗaura bel za a sauka.

Maganar biza tukuna don ita aka fi tambaya. Bizar ɗalibi ta Birtaniya bata shigar da kai Ayilan. Ta Shengen ma, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, bata yi, don basa cikin Shengen duk da suna cikin Tarayyar Turai kuma yuro suke kashewa. Mai koren fasfo sai ya nemi tasu daban. Ana cike fom a intanet, ta shiga sau ɗaya yuro 60, ta shige da fice yuro 100, banda ɗan abin da cibiyar karɓar takardu take caja. Mun haɗa wasiƙar makaranta, bayanin asusun banki na wata shida, shaidar izinin zamanmu a Birtaniya, inda zamu sauka, da wata wasiƙa da kai zaka rubuta da kanka kace ga abin da zai kai ka kuma zaka dawo. Ɗaya daga cikinmu tashi bata fito a kan lokaci ba, haka muka tafi muka bar shi, wallahi abin bai mana daɗi ba don shi ya fara kawo shawarar tafiyar ma.

Garin ba wani ƙato bane, tsakiyarsa ƙafa ta ishe ka. Kogin Liffey ya raba shi gida biyu, gadoji a jere, akwai wata 'yar siririya fara ta ƙarfe da ake cewa Ha'penny, tun 1816 take nan, da can sai ka biya rabin kwabo kafin ka tsallaka. A hostel muka sauka, ɗaki ɗaya gado mai hawa biyu, don otal a garin nan tsadarsa ta wuce tunani.

Amma abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutun shine wani gidan adana littattafai da ake kira Chester Beatty, yana cikin harabar tsohuwar fadar garin, kuma kyauta ake shiga ko sisi ba'a biya. Jama'a Alƙur'anai ne rubutun hannu, sama da 260 suke da su, wasu sun haura shekara dubu, duk da ba duka ake fito da su lokaci ɗaya ba, juya su suke yi. A can ake ajiye da wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan hijira. Ɗakin da ɗan duhu don kar haske ya ci tawadar, kowanne yana cikin gilashi an buɗe shi a shafi guda. Na tsaya gaban wani mai rubutun Magrib, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wasula da jan tawada, yadda malaminmu na allo yake rubuta mana, kawai na ji ina biyawa ban ko kalli takardar bayanin ba. Wata tsohuwa baturiya a gefena ta ga bakina na motsi, tace wai karantawa nake? Nace eh. Tace dan Allah in ɗan ɗaga murya ta ji. Na karanta mata a hankali, ta tsaya har na kai ƙarshen shafin sannan tace ta gode. Abokaina sun gama zagaye bene biyun sun fita lambu suna jirana ni ina nan.

Washegari muka hau jirgin ƙasan DART muka tafi Howth, wani ƙauyen masunta ne kamar rabin awa daga gari, a nan na ɗauki hotunan da kuka gani. Zan tsaya nan, mai tambaya ya yi.

Maryam Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Kai Yaya Sadiq ka kyauta wallahi, mu ma nan Kobentiri ni da ƙawayena muna ta shawarar inda zamu leƙa kafin bizarmu ta ƙare, kowa Faransa yake cewa, ni kuma yanzu wannan gidan littattafan ya shiga raina. Sati nawa bizar ta ɗauka? Kuma abinci fa, an samu na halal ko sai burodi da shayi?

Kawu Sule Zariya: Sadiq ɗana sannu da dawowa, Allah ya huta gajiya. Zan faɗi magana amma kar ka ji haushi, a matsayin uba zan faɗa. Fam ɗaya yanzu yana wajen naira dubu biyu. Akwai iyayen da suka sayar da fili, wasu gona, wasu suka ci bashi don a cika kuɗin makarantar nan taku, ni na san gidan da uwa ta sayar da sarƙarta ta zinare da 'yan kunne. Sai a wayi gari a ga hoton yaro a bakin teku a wata ƙasa yana shan iska. Ban ce naka iyayen haka suka yi ba, ban san halinku ba, amma a zauren nan akwai ƙanana da suke kallonku, gobe zasu ɗaga waya su ce wa uba a turo kuɗin hutu. Karatu aka tura ku. In an gama an samu aiki, duniya gata nan ba inda zata.

Abba Gwammaja: Ni tambayata daban ce. Me yasa kuka wahalar da kanku da biza har kuka bar abokinku? Ai Belfas da ke Arewacin Ayilan ƙasar Birtaniya ce, da bizar ɗalibi zaka je ba mai ce maka komai, daga can ka hau bas awa biyu kana Dablin, ba shinge ba jami'i ba komai a hanya. Na san waɗanda suka yi haka suka dawo lafiya lau. Da kun bi ta nan da an tafi da shi.

Baban Hanif: Abba dan girman Allah ka daina ba yara wannan shawarar. Rashin shinge ba shine izini ba. Tsarin nan na zirga-zirga tsakanin Birtaniya da Ayilan na 'yan ƙasashen biyu ne, masu fasfon Birtaniya da masu na Ayilan, ba namu bane. Kai ɗan Najeriya minti ɗayan da bas ta tsallaka da kai ba biza ka shiga ƙasar mutane ba bisa ƙa'ida ba, ko ka ga jami'i ko baka gani ba. Kuma ba gaskiya bane wai ba'a dubawa, 'yan sandan Ayilan suna tare bas da jirgin ƙasa a wajajen Dundalk su hau su ce kowa ya fito da takarda, wanda ba shi da ita a mayar da shi. To ka gaya min, duk fom ɗin bizar da zaka cike nan gaba, na Birtaniya ne ko Kanada ko Amurka, akwai inda ake tambaya an taɓa hana ka shiga wata ƙasa ko an taɓa mayar da kai. Me zaka rubuta? Ka ce a'a ka yi ƙarya, ka ce eh ka jawo wa kanka bayani har tsufa. Saboda yuro 60 da haƙurin 'yan makonni.

Abba Gwammaja: Baban Hanif ni fa ban ce a karya doka ba, abin da na gani na faɗa. Kuma tsakani da Allah wa ake tambaya takarda a bas ɗin? Baturen da ke kusa da kai ba'a ko kallonsa. In dokar ta kowa ce a tambayi kowa mana.

Nura na Belfas: Abba a wannan kam ka faɗi gaskiya, kuma su kansu ƙungiyoyin kare haƙƙi na nan sun daɗe suna kuka da shi, cewa launin fata ake bi wurin dubawa. Amma ka lura, wannan hujja ce a kanka ba taka ba, tunda ka san kai za a fara tambaya me zai sa ka hau ba takarda. Ni a nan nake karatu, iyakar nan bata da nisa da ni, tsawonta ya kusa kilomita 500 kuma hanyoyin da suka ratsa ta sun haura 200, wani wurin abin da zai nuna maka ka canza ƙasa kawai allon gudun mota ne ya tashi daga mil ya koma kilomita, sai wayarka ta turo maka saƙon barka da zuwa. Kamar ƙauyukan tsakanin Jibiya da Maraɗi ne, gonar mutum rabi nan rabi can. Kuma ba sakaci ne ya sa suka bar ta haka ba, jini aka zubar kusan shekara talatin, mutum sama da 3,500 suka mutu kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, da can sojoji ne da hasumiyoyin tsaro a wurin. Shi yasa ko da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai babu wanda ya yarda a sake kafa shinge. An bar ta a buɗe ne don zaman lafiyarsu, ba don mu ba. Ni da nake nan sai da na nemi biza kafin na leƙa Dablin.

Sadiq Fagge: Abba wallahi shi ma abokin namu an bashi wannan shawarar a daren da zamu tafi, mu muka hana shi, shi ma da kansa yace ba zai yi ba don yana son neman bizar zama bayan karatu. A filin jirgin Dablin ma duk wanda ya sauka sai ya bi ta gaban jami'in shige da fice ko daga Manchesta ya taso, an tambaye mu me ya kawo mu, ina zamu kwana, yaushe zamu koma, muka nuna tikitin dawowa aka buga mana hatimi.

Maryam, tamu ta ɗauki makonni, kuma bata fito mana rana ɗaya ba duk da tare muka miƙa, don haka ku nema da wuri sosai kuma kar ku sayi tikitin da ba'a mayar da kuɗinsa sai fasfo ya dawo hannu. Ki tuna fasfonki yana wurinsu duk tsawon lokacin.

Kawu na ji maganarka kuma ban ji haushi ba ko kaɗan, gaskiya ka faɗa a kan halin da gida yake ciki. Abin da zan ce kawai, ko kwabo ban tambayi gida ba, awa 20 ɗin da doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a sati ita nake yi a wani sito, daren Juma'a da Asabar ina ɗaga kwali, daga ciki nake tura wa Hajiya abin da ya samu kuma daga ciki na tara na tafiyar nan, sai da na gaya mata kafin in sayi tikiti tace Allah ya tsare. Wata tara ban san komai ba daga ɗaki sai aji sai sito, sanyi da duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, akwai lokacin da ko waya bana son ɗagawa. Na dawo daga tafiyar nan na ji kaina ya washe na zauna na fara furojet ɗina.

Kawu Sule Zariya: To tunda guminka ne kuma mahaifiyarka ta sani ta sa albarka, bakina ya mutu a kanka. Amma maganata tana nan ga wanda ba haka yake ba. Kuma hoton fa? Ka je ka huta, Allah ya amfana, ɗora shi duniya ta gani shine na me?

Maryam Ƙofar Mata: Kawu ai da bai ɗora ba da bamu san akwai Alƙur'anin shekara dubu a garin da muke zaton giya kawai suka iya ba. Tafiya mabuɗin ilimi aka ce.

Kawu Sule Zariya: 'Yata, da aka ce mabuɗin ilimi masu tafiya Timbuktu da Azhar da ƙafa ake nufi, suna shekaru a gaban malami. Amma na yarda wannan gidan littattafan ilimi ne, shi kam ban musa ba.

Ɗan Zango Kumasi: Salamu alaikum 'yan'uwa, ni daga Gana nake bin ku. Sadiq ka ji daɗin wurin nan amma bari in ɗan ɓata maka kaɗan. Ka san da wane kuɗi mutumin ya sayi littattafan? Chester Beatty ɗan haƙar ma'adinai ne, haifaffen Amurka, ya koma Landan, sai 1950 ya kwashe kayansa ya tafi Dablin, ya mutu 1968 ya bar wa ƙasar. Kamfanoninsa sun haƙi tagulla a ƙasar da yau ake kira Zambiya, sun haƙi lu'ulu'u a Saliyo, sun haƙi lu'ulu'u a nan Akwatiya ƙasarmu. Akwatiya akwai zango babba, kakannin mutane da yawa daga arewa suka gangaro suka yi lebura a ramukan nan. Je ka ga garin yau. To in an ce maka kyauta ake shiga, ni a wurina ba kyauta bane, an riga an biya tun tuni, kuma jikan wanda ya biya ɗin sai ya cike fom ya kawo bayanin banki na wata shida kafin a bar shi ya leƙa ta gilashi.

Sadiq Fagge: Kai ɗan'uwa wannan magana ta yi nauyi. Na san mai ma'adinai ne don an rubuta a bangon wurin, Akwatiya ce ban haɗa da ita ba.

Baban Hanif: Maganar Ɗan Zango gaskiya ce ta fuskar inda dukiyar ta fito. Amma a yi adalci, littattafan saye ya yi, da yawa a Alkahira inda yake zuwa cin sanyi, ba irin tagullar Benin bace da soja suka shiga da bindiga suka kwasa a 1897. Sannan mu tambayi kanmu, namu da suke hannunmu ya muka yi da su? Gidajen malamai nawa ne a Kano da Katsina da Sakkwato da ke da buhunan takardu gara na ci, damina ta zo rufi ya yi yoyo a kansu, magada su raba wannan ya ɗau rabin littafi wancan ya ɗau rabi? Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu suna iya ƙoƙarinsu amma wa yake basu kuɗin da ya kamata?

Ɗan Zango Kumasi: Baban Hanif, sakacinmu bai wanke nasu ba. Saye a hannun mutumin da mulkin mallaka ya talauta, kai kana da fam shi yana da yunwa, ciniki ne amma ka san irin cinikin. Ni ban ce a je a kwaso ba, na san suna kula da su kuma sun ɗora hotunan da yawa a intanet kowa ya gani. Cewa nayi wanda ya je ya shiga da kansa a sama, ya san yana da haƙƙi a wurin, ba alfarma aka yi masa ba.

Anti Binta Dablin: Sannunku da hira, sai yanzu na taso daga aiki na ga abin ya yi tsawo haka. Sadiq kun shigo garinmu baku neme ni ba, da na yi muku tuwo, Allah ya sa a gaba. Na daɗe a ƙasar nan ina aikin jinya, bari in ɗan sa baki.

Maryam ƙanwata abinci ba matsala. Ki tafi South Circular Road, nan masallacin Dablin yake, tsohon coci ne musulmi suka saya suka mayar masallaci tun 1983, akwai wurin mata, kuma kewayensa shagunan nama ne na halal da gidajen abinci. Moore Street kuma bayan O'Connell akwai shagunan 'yan Afirka, garin kwaki, manja, doya, attaruhu duk zaki samu. Abu ɗaya da zan ja kunnenku, kifi da dankalin nan da kowa ke ci a Howth, ki tambaya kafin ki saya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin, wasu kuma da kitsen dabba suke suya. In kin tambaya zasu gaya miki gaskiya basa jin haushi. Temple Bar da kowa ke ɗaukar hoto unguwar mashaya ce, da rana ki ratsa ki ga gine-gine ba laifi, da dare ba wurinki bane.

Maganar Ɗan Zango kuma, ina so ku san mutanen nan su ma an mallake su, shekaru ɗaruruwa a hannun Ingila, sai 1922 suka samu kansu. In kun bi bakin kogi wajen Custom House akwai wasu gumakan tagulla na mutane dogaye ramammu, tsumma a jikinsu, ɗaya ya saɓa yaro a kafaɗa, kare na bin su a baya. Tunawa ce da yunwar 1845 zuwa 1852, cuta ta kama dankali wanda shi talaka ya dogara da shi, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu wani miliyan ya bar ƙasar, alhali ana loda hatsi da shanu a jiragen ruwa ana fita da su. Kafin yunwar sun haura miliyan 8 a tsibirin, har yau basu koma wannan adadin ba. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ma ya aiko musu da fam 1,000 a 1847. Duk ranar da na wuce wurin sai na rage tafiya. Tsofaffin da nake jinya da sun ji Najeriya sai kaji an ce ƙanwar babata sista ce ta yi koyarwa a can, ko kawuna fada ne ya zauna a Jos. Makarantar St Louis ta Kano ai sistocin ƙasar nan ne suka kafa ta. Ƙungiyar agajin nan Concern ma saboda yunwar yaƙin Biyafara aka kafa ta a 1968.

Maryam Ƙofar Mata: Anti Allah ya saka da alheri. To tsaro fa, mu da muke sa hijabi? Don Mama abin da zata fara tambaya kenan.

Anti Binta Dablin: Ba zan ɓoye miki ba ƙanwata, garin ya ɗan canza. Yawancin mutanen kirki ne, masu son hira, ki tambayi hanya mutum ya raka ki har wurin, sauka daga bas kowa sai ya ce wa direba ya gode. Amma matsalar gidaje ta yi tsanani, haya ta fi ƙarfin matasansu, sai wasu suka samu abin zuga mutane cewa baƙi ne suka jawo. Ranar 23 ga Nuwamba 2023 bayan an soki yara da wuƙa a ƙofar wata makaranta, 'yan zuga suka fito suka ƙona bas da taragon Luas, jirgin ƙasan kan titi, a tsakiyar gari suka fasa shaguna, daren nan muna asibiti muna ta kiran juna a waya kowa na tambayar ina 'ya'yansa. Kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka tsayar da mai wuƙar baƙo ne ɗan Barazil mai kai abinci a babur, da hular kwanonsa ya buge shi. Da hijabina nake zuwa aiki kullum lafiya lau, abin da na fi haɗuwa da shi samarin nan ne 'yan shekara sha-sha da ke taruwa a bakin titi su jefa maka magana. Ku yi yawonku da rana, ku riƙa tafiya tare, in dare ya yi ku koma masauki.

Isufu Damagaram: Salam. Ni ina karatu a Liyon, ina da katin zama na Faransa, fasfona na Nijar. Da shi nake zuwa Jamus da Italiya ba matsala. Ayilan ma zai yi?

Baban Hanif: Ba zai yi ba Malam Isufu, katinka na Shengen ne su kuma basa ciki. Sai ka nemi tasu ta ofishin jakadancinsu da ke Faris.

Abba Gwammaja: To na ji, na janye maganar bas, amma har yanzu ina ganin abin da ciwo, ɗan Indiya ko ɗan Chana akwai tsarin da bizar ziyara ɗaya take masa ƙasashen biyu mu kuma sai biyu. Wata tambaya Anti, da gaske ne in aka haifi yaro a can ya zama ɗan ƙasa? Wani ne yake ta gaya min.

Anti Binta Dablin: Tsohon labari ne Abba. Da haka ne, amma sun yi ƙuri'ar raba gardama a 2004 suka soke, tun farkon 2005 haihuwa kaɗai bata ba yaro fasfo sai iyaye sun cika sharuɗɗan zama. Duk wanda yake gaya maka haka yanzu ko bai sani ba ko kuɗinka yake so.

Sadiq Fagge: Anti a yi mana afuwa, ban san kina garin ba da mun zo gaisuwa. Gumakan nan mun gansu, ana yayyafi ma lokacin, ruwa na bin fuskokinsu, ɗaya daga cikinmu ya ɗaga waya zai yi hoto da su yana dariya sai ya fasa da kansa. Mun kuma je kurkukun Kilmainham inda aka harbe jagororin tawayen 1916, su 14 a wani fili mai bangon dutse, ɗayansu James Connolly ya ji rauni har baya iya tsayuwa sai a kan kujera aka ɗaure shi aka harbe. Mai yi mana bayanin muryarsa har rawa take kamar jiya abin ya faru. Maryam shi wannan sai kun sayi tikiti a intanet tun kafin ku taso, yana ƙarewa da wuri. Jami'ar Trinity mun shiga harabar kyauta, tun 1592 take, a nan Jaja Wachuku, tsohon ministan harkokin wajen Najeriya, ya yi karatu, amma ganin littafin Kells, wata tsohuwar Linjila rubutun hannu, sai an biya kuma ba araha, mu bamu shiga ba muka ce abin da muka gani a Chester Beatty ya ishe mu.

Howth kuma ku hau hanyar kan dutsen ku zagaya, teku a ƙasa furanni rawaya a gefe, a tashar jiragen masunta akwai karnukan ruwa da ke leƙo da kai suna jiran a jefa musu kifi. A can saman muka yi la'asar a kan ciyawa, iska na neman ɗauke dardumar sai da muka danne ta da jakunkuna.

Kawu Sule Zariya: Kun yi sallah a kan lokaci, to alhamdulillahi. Shi abokin naku da aka bari fa, kuɗin tikitinsa ya tafi kenan?

Sadiq Fagge: Na jirgi ya tafi Kawu, na hostel muka raba a tsakaninmu muka mayar masa. Bizar tasa ta fito bayan mun dawo kuma da sauran kwanakinta, yana so ya bi ta Holyhead da ke Wales ya hau jirgin ruwa, awa uku da 'yan mintuna ne, in akwai mai biza a hannu da yake son rakiya ya yi magana in haɗa su.

Anti Binta Dablin: Ka bashi lambata ta bayan fage, in ya sauka ranar Juma'a maigidana zai ɗauke shi su tafi masallaci tare. Maryam ku ma in kun sa rana ku gaya min, ɗakin 'yata babu kowa tana makaranta a Kok, mutum biyu zasu iya kwana, sauran mu nema musu kusa. Ku taho da rigar ruwa mai hula ko da a watan Yuli ne, lema bata aiki a garin nan iska ke karya ta, kuma kuna sauka ku sayi katin Leap na baƙi a filin jirgi, shi zaku riƙa taɓawa a bas da Luas da DART gaba ɗaya.